Dokar Tsintuwa da 'Ya'yan Gyartai

A zamanin da, tun ƙasa tana da faɗi mutane ba su da yawa, an yi wani sarki a wata alkarya da ke bakin babban kogi. Sunansa Ishaƙu, amma a bayan idonsa Tashi-mu-je talakawa suke ce masa, domin Allah bai halicce shi da zama ba. In ana fadanci, kafin mai ƙara ya gama gaisuwa ya miƙe ya kai bango ya dawo sau uku. Ba azzalumi ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai son gaskiya, sai dai yanzu-yanzu yake son ta. Wazirinsa kuwa, Ɗalhatu, dattijo ne da goro ɗaya ke kai shi azahar, kuma ba ya amsa tambaya sai ya haɗiye abin da ke bakinsa.

Wata shekara rigimar tsintuwa ta ishi sarki. Yau akuya, gobe damin gero da ya faɗo daga jaki, jibi zanen da iska ta ɗauka daga shanya. Sai ya tara fadawa da malamai, ya ce, "Daga yau duk abin da aka tsinta a ƙasata a kawo shi fada, a yi cigiya kwana arba'in. In mai shi ya zo da shaida, a ba shi. In la'asar ta kwana na arba'in ta yi bai zo ba, a raba biyu, rabi na wanda ya tsinta, rabi na fada."

Waziri ya tauna goronsa ya haɗiye, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da an ce dabba ko kaya."

Sarki ya ce, "Na ce duk abin da aka tsinta. Na rantse da rawanin ubana, ba mai sauya ta, ko ni." Kafin Waziri ya sake buɗe baki, sarki ya riga ya kai ƙofar cikin gida.

Doka ta yi shekara biyu tana aiki lafiya lau. A damina ta uku, ranar wata Laraba da hantsi, sai ga Makau Sarkin Ruwa, shugaban masunta, ya shigo fada jiƙe sharkaf. Gabansa wata yarinya ce 'yar kimanin shekara goma, ta goya wani yaro ɗan shekara uku, ta ɗaure shi da zane tamau har ya yi mata shata a ƙirji.

Sarkin Ruwa ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, tsintuwa na kawo. A cikin kwalekwale na same su, ya maƙale a ciyawar bakin ruwa, ba matuƙi, ba sanda."

Sarki ya tambayi yarinya sunanta. Ta ce ita Zulai ce, na bayanta kuma ƙanenta ne Nomau. Ubansu gyartai ne, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, kasuwa-kasuwa suke bi, ba su da garin da za a ce nasu ne. Sun zo tsallaka kogi can sama, mai fito ya fara sa yara a kwalekwale, iyaye suna kinkimo kaya, sai sabon ruwa ya taho da ƙarfi, igiya ta tsinke. Kwana ɗaya da wuni ruwa yana tafiya da su.

Fada ta yi tsit, domin kowa ya tuna da dokar, kuma kowa ya san Sarkin Ruwa shekararsa ashirin da aure bai taɓa ganin ɗan kansa ba. Bai ɓoye ba kuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in kwana arba'in ta cika, namijin nake so a rabona. Wallahi zan riƙe shi da amana."

Sarki ya kai bango ya dawo. Ya dubi Waziri, Waziri ya dubi goronsa. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Sarki ya ce to, in ba a ga iyaye ba, yaro na Sarkin Ruwa ne, yarinya kuma rabon fada ce, za a kai ta riƙo wurin Magajiya, yayar shi sarki, a wani gari mai nisan kwana goma ta arewa. Zulai ba ta yi kuka ba. Hannu kawai ta kai baya ta ƙara jan ɗaurin zanen.

Abin ya tsaya wa sarki a rai, shi kuwa in abu ya tsaya masa sai ya yi wani abu, ko da ɓarna ce. Ya aika manzanni sama da kogi, suka dawo hannu rabbana. Sai ya sa mai shela ya bi kasuwanni yana faɗin sunayen yaran da labarinsu, ya ƙara da cewa duk iyayen da suka zo, sarki zai ba su gona da saniya.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wanda ya haifa ba sai an yi masa alkawarin saniya ba."

Sarki ya ce, "Don labari ya yi nisa ne."

Labari kam ya yi nisa. Kafin mako ya zagayo, ƙofar fada ta cika da iyaye. Ban taɓa jin yaran da suka yi arzikin uwaye irin waɗannan ba: da gajera da doguwa, da mai jego da wadda haƙori ɗaya ya rage mata, kowace tana share hawaye tana leƙen garken sarki. A fito da Zulai, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza kai, a mayar da ita. Kowace safiya kuma wani dogari yakan jefa tsakuwa ɗaya cikin wata ƙwarya da ke bakin zaure, don lissafin kwanaki.

A cikin gida an danƙa yaran ga wata tsohuwa, Gwamma, makitsiyar matan sarki. Ta ba su tuwo, ta ba su sutura, amma abu biyu suka gagare ta. Na farko, Zulai ba ta sauke Nomau sai in zai yi wanka, shi ma tana riƙe da hannunsa. Na biyu, ba ta yarda a taɓa kanta. Kitson da uwarta ta yi mata da safiyar ranar fito yana nan, ya tsufa, ya yi buzu-buzu, ta rufe shi da kallabi. Gwamma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce, "Ke 'yar nan, so kike ƙwarƙwata ta yi gari a kanki?" Zulai ta ce wadda ta kitsa ita za ta tsefe.

Kuma ba ta zama. Da ta ji tsakuwa ta faɗa ƙwarya sai ta saɓi ƙanenta ta nufi bakin kogi, dogari yana biye da ita. Ta hau tudu, ta sauko, ta bi gaɓa har inda aka hana ta wucewa, ta dawo. Wata rana Waziri ya bi ta a hankali, ya tarar da ita tsaye ta karkata kai wajen ruwa.

Ya ce, "Yarinya, me kike dubawa?"

Ta ce, "Ba dubawa nake ba, Baba. Saurare nake."

"Sauraren me?"

"An kira ni a bakin ruwan nan. Ina so in sake ji."

Waziri ya ɗauka zancen yaro ne da kewa ta dama. Ya ba ta dabino biyu ya koma.

Tsakuwa ta kai talatin, ta kai talatin da uku. Sarkin Ruwa ya fara zuwa da soyayyen kifi yana wasa da Nomau, har ya sassaƙa masa ɗan ƙaramin kwalekwale. Mutumin kirki ne, wannan shi ya fi tsorata Zulai, domin yaron ya fara yi masa dariya. A ranar talatin da huɗu sai ga wata mai daddawa, Tabawa, mace mai faran-faran da murya kamar ta mai shela. Tana ganin yaran ta zube ƙasa, ta yi birgima, ta taso ta rungume yarinya tana cewa, "Zulai, Zulai 'yata ta fari, ashe zan sake ganinki?"

Zulai ta dube ta, ta dubi ƙwaryar tsakuwa. Ta daɗe tana duban ƙwaryar. Sannan ta ce, "Ita ce."

Sarki ya yi farin ciki har ya manta da kansa ya tafa hannu. Ya ce a kawo saniya. Tabawa ta miƙa hannu za ta ɗauki Nomau, yaro ya ƙanƙame wuyan yayarsa ya tsala ihu, ta ce ai kwana biyu ne, ya manta ta. Nan Waziri ya haɗiye goronsa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina da tambaya, amma ga jama'a nake yi. A cikinku wa ya taɓa ganin uwa ta kama sunan ɗan farinta da bakinta? Balle ta rungume shi a gaban sarki da dogarai. Ni uwata ta rasu ina da furfura, ban taɓa jin ta ce Ɗalhatu ba. Ko tuwo za ta ba ni, sai ta ajiye ta ce a faɗa wa wancan. Kunyar ɗan fari ba a kasuwa ake koyonta ba, kuma ba ta fita don an yi kwana talatin ba a ga juna ba."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tambaya biyu aka yi wa Tabawa a kan sana'ar gyartai ta rikice, ta faɗi tana tuba. Aka kore ta. Amma sarki ba ta Tabawa yake ba. Ya tsaya a kan Zulai, ransa a ɓace, ya ce, "Ke kuma fa? Na ba ki ci, na ba ki sha, ki dubi idona ki nuna mini uwar ƙarya?"

Zulai ta ce, "Ta ce mu biyu za ta ɗauka."

Sarki ya ce daga yau ba a sake tambayarta, bakinta ya daina zama shaida a fadarsa.

To, a nan Waziri ya yi nasa kuskuren, don kada a ce dattijo ba ya tuntuɓe. Da ya ja sarki gefe ya raɗa masa, da an huta. Amma a bainar jama'a ya faɗa, kuma kafin azahar maganar ta kai kasuwa. Washegari sai ga sabon salon uwaye. Kowace ta shigo sai ta juya wa Zulai ƙeya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta hau nishi. Wata ma garin kunya ta yi karo da ginshiƙin zaure har goshinta ya kumbura. Sarki ya kore su duka, ya daina cin abinci sosai, ya dinga zagaya fada yana faɗa da duk wanda ya gitta.

Ranar arba'in ta zo. Tun da safe aka ɗaura wa raƙumi sirdi a ƙofar fada, ga 'yan rakiya da guzurin kwana goma. Sarkin Ruwa ya zo da sabuwar riga 'yar ƙarama a hannu, ya zauna nesa, ya kasa haɗa ido da kowa. Zulai tana tsakar fada da goyonta, tana kaiwa da komowa, kai ka ce ita ce sarkin. Da rana ta take tsaka sai dogari ya shigo ya ce ga wasu mutum biyu, mata da miji.

Sarki ya ce, "Na gaji."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, la'asar ba ta yi ba. Dokarka ce."

Aka shigo da su. Namijin dogo ne ramamme, yana dogara sanda, ƙafarsa ɗaya naɗe da tsumma. Macen tana ɗauke da kayan aikinsa a ka, ƙafafunta sun yi faso. Ba su kai ga durƙusawa ba Nomau ya fara zillo a bayan yayarsa yana kiran Inna, Inna. Zulai ta kwance zanen da hannunta. Yaro ya ruga ya faɗa jikin matar, ta ɗauke shi, ta cusa fuska a wuyansa, kafaɗunta suna rawa. Zulai kuwa ta tsaya inda take da zanen a hannu. Matar ba ta dube ta ba, mijin ma ƙasa yake kallo.

Ya ce sunansa Arzika, gyartai ne, matarsa kuma Kuluwa. Tun ranar da ruwa ya tafi da yara suke bin gaɓa da ƙafa. Kogin ya rabu biyu a wani wuri, suka bi reshen da ba shi ba, kwana goma sha biyar, sannan suka juyo. A hanya kurkunu ya fito masa a ƙafa, tafiyar wuni ta koma ta kwana uku. Shekaranjiya suka ji shela a wata kasuwa.

Sarki ya ce, "Yaro ya san uwarsa, wannan na gani da idona. Ku ɗauke shi. Yarinyar fa?"

Arzika ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ita ma tamu ce. Ita ce babba."

"To ku kira ta."

Shiru. Arzika ya sunkuyar da kai, Kuluwa ta ja mayafinta.

Sarki ya yi wata dariya da ba ta daɗi ba. Ya ce, "Waccan ta yi mini kuka na yarda. Ku kuma za ku yi mini shiru in yarda? Kwana shida ina kallon wannan kunya, har da mai fasa goshi. Yarinyar nan ta taɓa nuna mini uwar da ba tata ba. Wa ya sani ko ƙanen ma ba nata ba ne, kwalekwale ne ya haɗa su? In na ba ku ita, gobe iyayenta na gaskiya suka zo, me zan ce musu? A wurin Magajiya dai na san inda take."

Kada ku yi saurin zaginsa, jama'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ku dubi yadda abin ya juya: kwana arba'in yarinya tana jiran iyayenta don kada a raba ta da ƙanenta, ga su sun zo, kuma zuwan nasu ne zai raba su.

Zulai ta ce, "Wallahi su ne."

Sarki ya ce, "Haka kika ce wancan karon."

Sai tsohuwa Gwamma ta matso, ta durƙusa, ta ce akwai kitso a kan yarinyar nan da ba wanda ya taɓa, kuma kowace makitsiya da hannunta. A ba matar nan kan wata yarinya ta kitsa, a gwada. Sarki ya yarda. Aka kawo wata 'yar baiwa, aka shimfiɗa tabarma, Kuluwa ta zauna da Nomau a cinya ta fara. Ga gajiya, ga yunwa, ga idon mutane. Sarki yana zagaya su, yana leƙa inuwar zaure, yana cewa a yi sauri. Inuwa kuwa tana ta tsawo.

Da ta gama, Gwamma ta cire wa Zulai kallabi, ta dubi wannan kai, ta dubi wancan, ta shafa da yatsa. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, duka biyu daga hagu aka fara, kuma tsagar ta yi kama. Zuciyata ta ce hannu ɗaya ne. Amma kitson kwana arba'in ya sha ruwa ya sha rana, ya tashi daga kamanninsa. In ka ce in rantse, ba zan rantse ba."

Sarki ya ce, "Ni kuwa ba na ba da 'yar mutane a kan kama." Ya ɗaga hannu, 'yan rakiya suka tayar da raƙumi. Ladan ya riga ya fito daga gidansa ya nufi masallaci.

Duk wannan lokaci Waziri yana zaune da goro a hannu bai kai baki ba. Yana kallon yarinyar, yana tuna ranar da ya same ta a bakin kogi da kai a karkace. In dai uwa ba ta kama sunan 'yarta, to wa ya kira yarinyar a bakin ruwa har take marmarin ta sake ji? Sai ya miƙe, da saurin da ba a taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tambaya ɗaya ta rage. Wannan karon ba a gaban jama'a zan fara ba, na koyi hankali. Ka zo da alƙali, mu shiga soro da yarinyar."

Suka shiga su huɗu. Waziri ya durƙusa daidai tsawonta, ya ce, "Zulai, innarki ta taɓa kiran sunanki?"

Sarki ya yi tsaki, domin a ganinsa amsar a fili take. Amma yarinya ta ce, "Sau ɗaya."

"Yaushe?"

"Ranar da igiya ta tsinke. Ta yar da kayan kanta ta shiga ruwa har ƙirji, Baba yana janta. Ta kira ni da ƙarfi, kowa na ji. Ta ce, Zulai, kada ki sake shi." Ta dubi zanen da ke hannunta. "Shi ya sa na ce mai daddawa ce. Na san ƙarya na yi."

Suka fito, aka bar yarinya a soro tare da dogari. Waziri ya tsaya gaban Kuluwa, fada cike, ya ce, "Baiwar Allah, sarki yana tambayarki, kuma ki ji tsoron Allah. Kin ce ita ce 'yarki ta fari. Kin taɓa kama sunanta da bakinki?"

Duk wanda ke wurin ya san amsar da mai neman saniya za ta bayar. Cewa za ta yi Allah ya kiyaye, ko da wasa. Ita ce amsar da ta dace da kunya, ita ce kuma kasuwa ta koya wa kowa. Amma Kuluwa ta yi magana daga cikin mayafi, a hankali, sai da Waziri ya sunkuya.

Ta ce, "Na taɓa. Sau ɗaya, a bakin ruwa, gaban maza da mata, gaban ubanta. Ban san sanda ya fita ba."

"Me kika ce mata?"

"Na ce kada ta sake shi." Ta ƙara jan mayafinta. "Yarinya ce ƙarama, na ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Kwana arba'in ina tunanin in ruwa ya kife su, saboda maganata ba za ta sake shi ta ceci kanta ba."

A daidai nan ladan ya ɗaga murya. Sarki Ishaƙu, wanda ake ce wa Tashi-mu-je, ya nemi shimfiɗarsa ya zauna. Ya daɗe a zaune, har fadawa suka fara satar kallon juna.

Sannan ya ce, "A sauke wa raƙumi sirdi. A fito da yarinya a ba iyayenta. Gona da saniya nasu ne, ko da ba su tambaya ba." Ya juya ga malamai. "Na rantse ba zan sauya doka ba, kuma da mutanen nan sun makara da wuni ɗaya, da na raba 'ya'yansu biyu kamar damin gero. Ku faɗa mini kaffarar rantsuwa in yi. Daga yau a rubuta dabba ko kaya, yadda Waziri ya faɗa tun farko. Ɗan mutum ba tsintuwa ba ne, amana ce a hannun fada har ranar da nasa suka zo."

Waziri ya jefa goronsa a baki.

Sarkin Ruwa ya taso da 'yar rigarsa, ya miƙa wa Arzika, ya ce ai don yaron aka ɗinka. Arzika ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Wanda ya tsamo ɗa daga ruwa ai uba ne. Tun da gona ta zaunar da mu a nan, ƙofarmu taka ce." An ce da Nomau ya girma, a hannun Sarkin Ruwa ya koyi tuƙi.

Da aka watse, Kuluwa ta nemi gindin wata ceɗiya a ƙofar fada ta zauna, ta ari tsinken tsifa a wurin Gwamma. Zulai tana tsaye can gefe, ta rasa inda za ta sa hannuwanta, domin karo na farko ke nan cikin kwana arba'in da ƙanenta ba ya bayanta, ba ya kuma hannunta. Uwar ba ta dube ta ba. Ta dubi tabarma ta ce, "Ke, zo nan a tsefe wannan kai. Dubi yadda ya koma."

Zulai ta zo ta zauna tsakanin gwiwoyinta. Tsinke ya shiga kitso na farko, daga hagu. Can yarinya ta ce a hankali, "Inna, ban sake shi ba."

Kuluwa ta ce, "Na gani. Gyara zama."

Ta ci gaba da tsifa. Zulai ta ji wani abu mai ɗumi yana ɗiga mata a ƙeya, ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta waiwaya ba, don kada ta ba uwarta kunya.

Nan na ji shi ya tsaya, nan ni ma na ajiye muku shi.